Abba Biyu, Waya Ɗaya

Fadaman Mada, Bauchi
Talata

Anti Lilian,

Ki cire Goyo daga cikin rangwamen nan naku. Abin da nake so ke nan. Ki cire shi kafin Litinin ta sama da kuka ce za a buɗe, don girman Allah.

Kai, ko gaishe ki ban yi ba. Ki yi haƙuri Anti, hankalina ne ba ya jikina. Ina wuni, ya Legas, ya aiki? Juwai ce. Mu nan lafiya lau, Ummi ce dai take haƙori, ta hana kowa sakat. Na je Shadawanka na duba Mama Liatu, ƙafar ta yi sauƙi, ta ce in gaya miki 'yarta ta manta da ita. Innata ma tana gaishe ki, ta ce 'yar yayarta ta zama 'yar Legas, sai a hoto.

Kar ki yi mamakin ganin rubutu, ban koya ba. Abin nan ne na Jalo abokin Baban Ummi, wanda kana magana yana rubutawa. Baban Ummi ya sa mini kafin ya tafi. Duk abin da ya fito daga bakina shi za ki gani, har tsawar da nake yi wa Ummi.

Anti kin san ba raina Goyo nake yi ba. A gabana aka yi manhajar wayar nan, a ɗakin nan, a kan tabarmar nan da nake zaune. Ba kamfani, ba ofis, ba mai gida a sama. Baban Ummi ne da kwamfutarsa da ni. Muryar da take gaya wa uwa ranar rigakafi da abin da za ta ba yaro, tawa ce. Katifa muke jinginawa a taga saboda injin markaɗen maƙwabta, mu jira a kashe, sannan ya ce to Juwai, faɗi. Wata kalmar sai na maimaita ta har bakina ya bushe. Ranar da kika kira kika ce an zaɓe shi a Rangwamen Kaka, za a sayar da shi rabin kuɗi tare da na sauran masu yin manhaja su kaɗai irinsa, wallahi mutumin nan rawa ya yi a tsakar gida, babba da shi.

To ga abin da ya faru. Kafin ya tafi ya sa wa wasu gidaje a unguwar nan kyauta don su gwada. Har da gidan su Zahra, Fatimatuzzahra ƙawata da muke zuwa awo tare. Babbar waya ɗaya ce a gidansu, ta surukarsu ce, kowa da ita yake amfani. Abba, jaririn Zahra, bai rufa wata uku ba. Jiya ta aiko in zo in raka ta asibiti, yaro yana ta zawo, idonsa ya faɗa. Muka je aka sa masa ruwa. Malama Paulina, nas ɗin da take duba yara, ta ce, “Me kika ba shi?”

Zahra ta ce, “Kunu ne ɗan kaɗan.”

Malama Paulina ta ajiye abin hannunta. “Kunu? Jariri? Ke Zahra, wace tsohuwa ce ta ce ki ba shi kunu?”

Zahra ta juyo ta nuna ni ta ce, “Juwai ce.”

Anti, ki ji fa. Na ce ni? Yaushe? Ta ce a waya mana, kin ce Abba ya isa shan kunu, a fara ba shi kaɗan-kaɗan. Ta ce ita ma ta ga kamar ya yi wuri, amma da ta ji muryata ce sai hankalinta ya kwanta, don ta san ba zan cuce ta ba.

Ummi sauka daga nan! Sauka na ce.

Yaron ya ji sauƙi, an sallame su, Alhamdu lillahi. Amma ni ban ji sauƙi ba. Ban san abin da ya sa Goyo ya faɗi haka ba, ni dai na san ya faɗa, kuma da bakina. Yanzu gidaje kaɗan ne, duk na san ƙofarsu. In kuka buɗe rangwame zai shiga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, muryata tana ba jarirai kunu.

Baban Ummi yana can wajen Gembu suna sa sola a ƙananan asibitoci, sai ƙarshen wata. Babu sabis sai ranar kasuwa in ya hau tudu. Kwamfutar ma tana nan cikin akwati. Ya tafi ya bar ni da abin nan a ka. Ke ce mai zaɓa, ke za ki iya cirewa.

Ƙanwarki,
Juwai


Fadaman Mada
Juma'a

Anti,

Ina kwana. Ina fata lafiya ce ta sa na ji ki shiru. Mu muna lafiya, haƙorin Ummi ya fito, ta cije ni da shi tun da safe.

Na kai wa Jalo wayar ya duba, ya ce saƙon ya shiga tun ranar. To ko dai ba ki buɗe ba, ko kin buɗe kin ce shirmen Juwai ne. Ban gaya masa abin da yake ciki ba, na ce gaisuwa ce.

Tallanku ya fito. Jalo ya nuna mini, ga hoton Goyo a sahun gaba, an danna sai ga muryata tana sallama. Ba zan ɓoye miki ba, sai da na sa ya sake dannawa. Ni da ko aji ɗaya ban zauna ba, ga ni a tsakiyar masu digiri. Matan layinmu sun shigo yi mini barka, wata tana cewa Maman Ummi an zama 'yar rediyo, a riƙa tunawa da mu. Na kawo musu ruwa ina dariyar dole.

Jiya ranar kasuwarsu ce, ya hau tudun ya kira. Na shirya maganar tsaf tun asuba. Ina ɗagawa ya ce, “Uwargidan Goyo, ya gari? Kin san har injiniyanmu na gaya wa? Ya ce zai saya wa matarsa.” Yana ta lissafa abin da zai yi in mutane sun karɓa, ba zai ƙara tafiya aikin nesa ya bar mu ba, zai zauna ya yi na masu juna biyu. Iska tana kaɗa maganarsa, yana haki saboda hawa. Na buɗe baki na ce masa Ummi tana haƙori. Shi ke nan abin da na iya faɗa. Na kasa yi masa maganar, Anti.

Ba dukana zai yi ba, kin san shi. Abin da nake tsoro shi ne ya yi shiru. Shekara da shekaru yana abin nan, 'yan'uwansa suna ce masa mai wasa da waya. Yanzu da zai ɗaga kai, sai a ce matarsa ce ta je ta bayan fage ta sa aka cire.

Duk da haka ki cire. Ki amsa mini ko da kalma ɗaya ce.

Juwai


Yaba, Legas
Asabar

Juwai ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiya, sai gajiya. Ki shafa mini kan Ummi, ki ce wa Mama zan kira ta bayan coci gobe, ta daina kai ƙarata gida-gida.

Ki yafe mini shirun. A makon nan wayata cike take da saƙonnin waɗanda ba mu ɗauka ba, wani roƙo, wani zagi. Da na ga naki na ɗauka godiya ce, na ce bari in ajiye mai daɗi sai na huta. Jiya na buɗe duka biyun.

Na yi baƙin cikin abin da ya sami yaron ƙawarki, mun gode Allah da ya tashi. Amma bari in gaya miki yadda muke aiki, don ki san Goyo bai shiga don Hafizu mijin ƙanwata ne ba. Ranar da aka zo kansa fita na yi daga ɗakin, Godfrey abokin aikina da sauran suka yanke.

Akwai masu yin rangwame da suke kwaso duk abin da aka kawo musu su zuba, ɗari-ɗari, mai kyau da tarkace, in ka saya ka ga ba ya aiki kai ka sani. Mu ba ma haka. Kowace manhaja sai mun sa ta a ƙaramar waya mai arha mun ga ta buɗe. Sai mun kashe data mun ga tana aiki. Wadda take kwashe lambobin mutane, waje. Wadda take cusa tallan caca, waje. Wanda ya ƙara kuɗi ana gobe rangwame don ya ce ya rage, har sunansa muke ajiyewa. Mukan kira lambar mai manhajar a matsayin masu saye, in bai ɗaga ba, bai dawo da kira ba, mun gama da shi. Shi ya sa namu ba su da yawa, shi ya sa kuma mutane suke saye ido rufe in sun ga tambarinmu. Ina alfahari da wannan, ba na jin kunyar faɗa.

Goyo ya wuce duk wannan. Kin san ma abin da ya fi burge su? Da ba ya tambayar sunan yanka, sai ya ce wa uwa, “Me kike kiran yaronki?” Godfrey ya ce bai taɓa ganin manhajar da ta san kunyar ɗan fari ba. Hafizu ya ce mana shawararki ce.

Jiya na zauna na sake gwadawa. Na sa jariri, na sa mai wata takwas, na sa mai shekara biyu. Kowanne abin da ya dace da shi aka faɗa. Ba na cewa Zahra ƙarya take yi, amma mai jego da rashin barci tana iya danna wani wuri.

Dokarmu ita ce, manhaja ba ta fita sai mai ita ya janye, ko mu mun ga matsalar da idonmu. Ba zan iya shiga miti in ce ƙanwata ta ji tsoro ba. Ki kuma sani, in ya fita yanzu sai wata kakar. Mutanenmu ba sa sayen manhajar ɗan gida da cikakken kuɗi in ba su san ta ba, makon rangwamen nan ne ƙofarsa.

Yanzu tambaya tsakanina da ke. Kin ce ya tafi ya bar ki da abu a ka, kin ce kin kasa yi masa magana. Juwai, kun yi faɗa ne? In wani abu ne a gidan ki gaya mini, ni yayarki ce. Amma kar ki haɗa shi da aikinsa.

Taki,
Lilian


Fadaman Mada
Lahadi

Anti Lilian,

Ina wuni, an fito coci lafiya? Muna lafiya.

Wayar ta karanta mini saƙonki, na sa ta maimaita wurin faɗan. Haba Anti. Ni? In rushe abin da na busar da maƙogwaro a kansa don na yi fushi da miji? In faɗa muka yi ai tuwo zan hana shi, ba wannan ba. Lafiya lau muke, ko da zai tafi shi ya cika mini randuna da ruwa.

Amma maganarki ta yi mini amfani, don haushinta ne ya tashe ni. Kin ce sai kun gani da ido. Na goya Ummi na tafi gidan su Zahra, na ce yau sai na ga inda ta danna.

Na same su a tsakar gida. Zahra tana shanya, faccalarta Yagana, matar wan mijinta, tana tankaɗe, surukarsu Dada tana kan tabarma da carbi. Na ce Dada a ara mini waya. Na miƙa wa Zahra na ce yi yadda kike yi, kar ki canza komai. Ta danna hoton uwa da goyo. Muryata ta ce, “Wa za mu duba yau?” Zahra ta ce, “Abba.” Sai na ji kaina ina cewa, “Abba ya fara rarrafe ko? A kawar da wuta da ruwan zafi daga ƙasa.”

Jaririn da ko wuyansa bai gama tsayawa ba.

Yagana ta ɗago daga rariya ta ce, “A'a, wannan ai Abbana ake nufi.”

Zahra ta ce, “Naki kamar yaya? Ni na kira.”

“Ke kika kira, amma nawa ya amsa. Nawa ne babba, dole waya ta san manya.”

“Sannu uwar manya. Ni da na sa nawa ranar suna, Juwai na tsaye?”

“Ni kuwa tun kina fama da tsohon ciki na sa nawa.”

Anti sai na zauna a kan turmi. Yaran nan biyu duk sunan kakansu aka sa musu, Malam Umar mai rasuwa. Ba matar ɗa da za ta buɗe baki ta kira sunan surukinta, sai Abba. Mu a waje muna cewa Abba Babba da Abba Ƙarami. Amma uwa in aka tambaye ta me kike kiran yaronki, ba za ta ce ƙarami ba, Abba za ta ce, don a wurinta shi kaɗai ne. Yagana ce ta fara sawa. Da Zahra ta zo ta ce Abba, sai Goyo ya ɗauka wanda ya sani ne, ya riƙe watannin na farko.

Na ce to ku faɗi sunan yankan mu ji ko zai raba su. Zahra ta rufe baki da mayafi. Yagana ta ce, “Rufa mini asiri, a gaban Dada?” Na juya wajen Dada, ta ce, “Ke 'yar nan, ni da na zauna da Malam har ya koma ga Allah ban kira ba, sai yau saboda waya?” Mata uku, ba mai iya faɗa. Muka yi ta dariya har Dada tana share hawaye. Ko sun faɗa ma ai duk Umar ne.

Da dariyar ta wuce Malama Paulina ta faɗo mini a rai, na ce Zahra ɗauko katin asibiti. Muka kai wa mijin Yagana ya duba. Rigakafin ƙaramin ya wuce, wayar tana ta ce mata da saura. Gobe za mu kai shi.

Shawarata ce a tambayi uwa abin da take kiran ɗanta, kuma har gobe ina nan a kanta, shawara ce mai kyau. Da sunan yanka ake tambaya da rabin matan unguwar nan sun ajiye wayar. Ba ta dai cika ba ne. Ni Ummi nake kira, Baban Ummi ma a gidansu Abba ne, amma ko sau ɗaya ba mu kawo gida mai Abba biyu ba, don mu wayarmu tamu ce mu kaɗai.

Ki daina gwadawa ke ɗaya da yara masu suna daban-daban. Ki sa yaro ki ce Abba. Ki miƙa wa wani wayar, shi ma ya sa jariri ya ce Abba. Sai ki saurara. Sannan ki tuna gidaje nawa ne a ƙasar nan suke da waya ɗaya da Abba, da Ummi, da Baffa, da Mama fiye da ɗaya.

Juwai


Yaba, Legas
Laraba

Juwai,

Gaisuwa. Ina fata an yi wa ƙaramin allurarsa. Ni lafiya, sai kunya.

Na yi yadda kika ce. Na sa Abba mai wata takwas, na miƙa wa Godfrey wayar ya sa Abba sabon haihuwa. Muryarki ta gaya wa Godfrey ya dama wa jaririnsa kunu. Muka kalli juna. Ni da na girma a bariki, inda kowace ƙofa akwai yaran da ake kira Bomboi da Bebi, waya ɗaya tana zagaya layi, ban ga wannan ba. Ki yafe mini maganar faɗa, na yi kuskure.

Mun yi miti jiya, kuma bai yi daɗi ba. Godfrey yana son Goyo sosai, ya ce mu bar shi, mu rubuta gargaɗi a ƙasa cewa kar mata biyu su yi amfani da waya ɗaya. Na ce, “Godfrey, an yi abin ne don waɗanda ba sa karatu, ka ce a rubuta musu?” Ya ce ai tallan ya riga ya fita, shi ne a gaba, za a ce ba mu san aikinmu ba. Wata ta ce da manhajar lissafin shago ce da sai a bari a gyara daga baya. Na ce haka ne, amma wannan jarirai ne. Wannan karon ban fita daga ɗakin ba.

An cire shi. Ba mu ba kowa gurbinsa ba, ko da yake akwai masu jira. Hotonsa zai zauna a wurin, a ƙasa an rubuta cewa an ɗage sai an kammala gyara. In ya gyara za mu gwada shi daga farko kamar baƙo. Ba zan yi miki alƙawarin komai ba sai wannan. Mun kuma ƙara sabon gwaji a kan kowa: waya ɗaya, mutum biyu. Har mun kama wata manhajar adashi da irin wannan ciwon, mai ita yana can yana gyara.

Saura Hafizu. Na san abin da wannan zai yi masa, na san kuma abin da kike tsoro. Ga shawarata. Zan rubuta masa a matsayin masu zaɓe, in ce mu muka gano a gwajin ƙarshe. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, mun gwada mun gani. Ba sai sunanki ya fito ba. Ya yi fushi da ni, na saba, rabin masu manhajar ƙasar nan suna fushi da ni. Ke ki zauna lafiya a ɗakinki. Ba zan tura ba sai na ji daga gare ki.

Yayarki,
Lilian


Fadaman Mada
Juma'a

Anti,

Ina kwana, ya gajiya? Muna lafiya. An yi wa Abba Ƙarami allura, ya yi kuka har ya shiɗe, yanzu yana nan garau. Malama Paulina ta ce in gaishe ki ko da ba ta san ki ba.

Na gode. Da wayar ta karanta an cire shi, na yi hamdala, sannan na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Duka biyun na yi, ba zan ɓoye miki ba. Na so a ce ranar Litinin ina zaune ana ta saye. Amma da na ji ba ku ba kowa wurinsa ba, sai na ce lalle Antina ta iya aikinta. Ki ce wa Godfrey ban ji haushinsa ba, wanda ya so Goyo ai namu ne.

Ban zauna jiran ku ba. Tun Litinin nake bin gidajen da aka sa wa, ina goye da Ummi. Duk inda na shiga sai in ce, wayar nan ku nawa ne a kanta, kuma wa da wa suke suna ɗaya? Na sami wani gidan mai Ummi biyu. Na ce su bar jin maganata a waya sai mai ita ya dawo, in suna da tambaya ga ni da raina, ko su je asibiti. Wata tsohuwa ta ce yau ga abin mamaki, murya ta zo da ƙafarta tana ƙaryata kanta. Na ce ba ƙarya ta yi ba Baba, yaran ne suka rikice mata.

Maganar ki ce ku kuka gano, Allah ya saka da alheri, na san don ni kika yi. Amma kar ki tura. Kin makara.

Jiya ya hau tudun. Wannan karon ban bari ya fara ba. Yana cewa uwargidan Goyo na ce tsaya, ka saurare ni har in gama. Na gaya masa kunun, da asibitin, da Abba biyu. Na ce ni na roƙi Anti ta cire, tun kafin in san dalili, kuma wancan makon da ka kira na sani na kasa faɗa. Sai ya yi shirun nan da nake tsoro. Ina jin iska, ina jin akuya tana kuka a bayansa. Har na cire wayar daga kunne na duba ko ta mutu.

Can ya ce, “Yaron ya warke?”

Na ce ya warke.

Ya ce, “Kin tabbata? Kin gan shi da idonki?”

Na ce ɗazu ma ya yi mini fitsari a zani.

Ya ja numfashi. Ya ce, “Na gaya wa injiniya fa.” Muryarsa ba daɗi, Anti, ba zan ce miki ya ji daɗi ba. Na ce sai ka sake gaya masa. Sai ya ce in ciro kwamfutar daga akwati in kai wa Jalo ya yi mata caji, kuma in fara tunanin yadda za a tambayi mace wace ce ita ba tare da ta ji kamar 'yan sanda ne ba. Na ce na riga na samo. “Sannu da aiki, maman wa ke magana, ta wane ɗaki?” Ya ce a'a, ya yi tsawo. Muna cikin musu sabis ya ɗauke.

Don haka ki rubuta masa gaskiya yadda take, da sunana a ciki, ba sauran wanda za a ɓoye wa. Zahra da Yagana sun sani, Dada ta sani. Na gaya wa Malama Paulina, na gaya wa Jalo, na gaya wa matan da suka zo mini barka. Na je har gidansu na durƙusa na gaya wa Hajiyarsa. Shi ma na gaya masa, da bakina.

Ƙanwarki,
Juwai, Maman Ummi